Kauri daban, yauƙi daban, danƙo daban

Wata Hajiya mai sayar da abinci a Agege ta aiko da tambaya: "Malam, 'yata haifaffiyar Legas ce. In na yi miyar kuɓewa sai ta ce ta yi kauri, ni kuma in ce yauƙi ta yi. Ta ce ai duk ɗaya ne. Wa ke da gaskiya?"

Hajiya, ke ce da gaskiya, kuma ludayinki ya isa shaida. Ki tsoma shi a kunun gyaɗa da aka dama da kyau, ki ɗaga. Zai sauko a hankali, guda-guda, ya yanke. Wannan shi ne kauri, wato ƙin gudu, kuma in ya kai maƙura mu ce ya yi kauri kirtif. Kishiyarsa tsinkewa, har a ce ruwa tsululu. Yanzu ki tsoma ludayin a kuɓewa. Miyar tana iya zama ruwa-ruwa, amma in kin ɗaga sai ta biyo ki da zare, ki juya hannu kafin ya katse. Wannan zaren shi ne yauƙi.

Dalilinsa yana cikin ganyen da 'ya'yan. Kuɓewa da karkashi da lalo, wanda maƙwabtanki Yarbawa ke kira ewedu, suna sakin wasu dogayen ƙwayoyi masu kama da zare waɗanda ido ba ya gani. Suna sarƙe da juna a cikin ruwa, in an ja sai su miƙe maimakon su rabu. Shi ya sa 'yar kanwa ke taimakon yauƙi, tsami kuwa da doguwar tafasa su kashe shi. Mu da maburgi muke burga miya, su da 'yar tsintsiyar ijabe, amma abin da ake nema ɗaya ne.

Danƙo kuma riƙo ne da komawa. Sakwarar da ta daku tana kama yatsa, in kin ja ta sai ta ja da baya. Ki lura da inda Bahaushe ya kai kalmomin nan da ya fitar da su daga tukunya. Muna cewa a ƙara danƙon zumunci, domin abin da ake so a zumunci shi ne ko an ja kada ya rabu. Yauƙi kuwa mun ba wa mai jan magana da jan tafiya, wanda ba ya gama abu sai ya ja masa zare. Ina jin zafin ganin yaranmu na kudu suna tattara ukun nan a kalma ɗaya, don kowacce tana auna abin da 'yar'uwarta ba ta aunawa.

Akwai abu guda a kicin ɗinki da ya fi duka ban mamaki, gasarar koko. In ta kwanta a gindin bokiti kika kai hannu da ƙarfi, sai ta ƙame kamar sabulu, ta tsage. Ki ɗora ɗan guntu a tafin hannu ki bar shi, sai ya narke ya bi tsakanin yatsu. Ƙwayoyin sitacin ne ke cushewa in an matsa musu da gaggawa, in an bi su sannu su zame. Masana suna da fanni sukutum a kan irin wannan, riyoloji, sunan da Eugene Bingham na Amurka ya yaɗa, aka kuma kafa ƙungiyarsa a 1929.

Tambaya ta biyu daga wani ɗalibin likitanci ce a Idi-Araba: "Malam, da ake cewa jini ya fi ruwa kauri, magana ce kawai ko haka yake? Kuma kaurin nan ne na kaurin suna?"

Ɗana, ma'anar karin maganar ita ce naka naka ne, ko an ɓata dangantakar haihuwa ba ta wankuwa. Turawa ma suna da mai kama da ita. A ma'auni kuma haka take, jini ya kai kusan ninki 4 na ruwa a kauri, saboda jajayen ƙwayoyi sun cinye kashi 40 zuwa 45 cikin 100 na jinin babban mutum. Sai dai kaurinsa ba tsayayye ba ne. In yana gudu da sauri ƙwayoyin suna lanƙwasa su bi layi, sai ya tsinke. In gudun ya ragu sai su jeru kamar kwabban da aka ɗora kan juna, kaurin ya ƙaru. Ka ga ya saɓa wa gasarar Hajiya. A jikin mai sikila, wadda iyayenmu ke kira amosanin jini, ƙwayoyin suna ƙamewa su ƙi lanƙwasa, su toshe ƙananan jijiyoyi, daga nan ciwon ke tasowa. Shi ya sa za ka ji ana nanata musu shan ruwa, balle a zafin Legas. Kada kuma ka haɗa kauri da daskarewa a gaban marar lafiya. Jinin da ya daskare ya zama guda, ya daina gudu ke nan.

Na suna kuwa ƙauri ne, da ƙ mai lanƙwasa, warin abin da ya ƙone, kamar tuwon da ya kama a gindin tukunya ko tsumman da ya faɗa wuta. Wanda ya yi ƙaurin suna, labarinsa ne ya riga shi isa gidajen mutane yadda ƙauri ke tsallake katanga, kuma galibi ba a alheri ba. Wayoyin da ba su da ƙ ne suka haɗe mana su a rubutu. Ka faɗe su da ƙarfi a jere, kauri, ƙauri, za ka ji maƙogwaronka ya ɗan tsuke a ta biyun.