Wuƙar titaniyam mai bakin kurom: a zuba jari ko a dakata?

Wani mai sayar da wuƙaƙe ya rubuto yana neman shawara. Yana so ya sa a ƙera masa wuƙa da titaniyam, wani ƙarfe marar nauyi, a rufe bakinta da kurom, wani ƙarfe mai tauri, ya sayar wa mahauta da masu tsire. Akwai riba?

Alhaji, ka riƙe kuɗinka tukuna. Gaskiya ne titaniyam ba ya tsatsa, nauyinsa kuma giram 4.5 ne inda ƙarfe mai girman nan yake 7.8. Amma nau'insa da aka fi samu, mai suna Ti-6Al-4V, taurinsa wajen 36 ne a ma'aunin Rokwel, ƙarfen wuƙa mai kyau kuwa 56 zuwa 60. Da ya haɗu da ƙashi sai ya dakushe.

Kurom yana kai 65 zuwa 70, shi ya sa dabarar take da daɗin ji. Matsalar ita ce ba ya son kama titaniyam. Da iska ta taɓa titaniyam sai wata fata siririya ta rufe shi. In ba a cinye ta da asid mai haɗari ba kafin a tsoma shi a ruwan kurom, kurom ɗin ɓamɓarewa yake yi. Ko ya kama, gautsi gare shi, kuma abin da ke ƙarƙashinsa ya fi shi taushi, sai bakin ya riƙa tsagewa. Mahauci kuwa kullum cikin wasa wuƙa yake. Wasawa kaɗan, kurom ɗin da ka biya kuɗi a kansa ya tafi, sai dai in gefe ɗaya aka rufe, ana wasa ɗayan kawai. Wa zai tsaya koya wa kowane mai saye wannan?

Ga tsada. Da dala za ka shigo da titaniyam, ga kuɗin kwastan. Yana cin dutsen gurza da sauri, ƙurarsa kuma tana kama wuta. Ruwan kurom guba ne mai jawo ciwon daji, kada ka bari a haɗa shi a bayan shago. Aikin masana'anta ne.

Masu sayen irin wannan wuƙa galibi masu nutso ne a teku, don gishiri ba ya cin ta. In sauƙin nauyi kake nema, ka sa maƙeri ya rage kaurin ruwan wuƙar da aka ƙera da ƙarfen sifirin (spring) na mota, ya yi mata mariƙi da itace marar nauyi. In kuma ranka ya kafe, ka sayo ƙerarru guda biyar, ka ba mahauta su yi wata guda suna aiki da su, sannan ka tambaye su nawa za su biya.