Tambaya da Amsa: Shin gwajin testosteron na biyu ya zama dole?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekaruna 47, ina da ciwon suga da ƙiba, kuma na daɗe ina fama da kasala da raguwar sha'awar iyali. An auna mini testosteron, wato sinadarin mazantaka, sakamakon ya nuna 280, sai aka ce akwai wani gwajin mai tsada da ke auna wanda yake yawo a sake a cikin jini. In yi shi, ko in fara allurar testosteron kawai? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara lafiya. Kada ka fara allura tukuna. Mafi yawan testosteron da ke jinin namiji a ɗaure yake da wasu sinadarai biyu da hanta ke samarwa: SHBG, wanda ke riƙe shi gam, da albumin, wanda riƙonsa sako-sako ne. Abin da ke yawo a sake bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 ba. Gwajin da aka yi maka ya haɗa ɗaurarre da sakakke gaba ɗaya, don haka duk abin da ya rage ko ya ƙara SHBG zai canza lambar, ko da rabon da jiki ke amfani da shi yana nan daidai.

A nan ne lamarinka ya bambanta da na sauran mutane. Ƙiba da ciwon suga suna rage SHBG, sai jimillar ta fito ƙasa alhali sakakken bai ragu ba. Tsufa da ciwon hanta da wasu magungunan farfaɗiya kuwa ƙara shi suke yi, sai jimillar ta yi kyau a takarda ta ɓoye ƙarancin. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2018, ta ɗauki ƙasa da nanogiram 300 a kowane desilita na jini a matsayin ƙaranci, kuma taka lambar tana dab da wannan iyaka, saboda haka a ganina gwajin na biyu ya cancanci kuɗinsa.

Sai dai ka tambayi hanyar da za su bi. Wadda ta fi inganci ita ce ta tace ruwan jini ta cikin siririn tantani, amma ɗakunan gwaji kaɗan ne ke da ita. Gwajin kai tsaye mai sauƙi da wurare da yawa ke yi ba abin dogaro ba ne. Gara a auna jimillar testosteron da SHBG da albumin, likita ya lissafa sakakken daga cikinsu.

Ka ba da jinin da safe, tsakanin ƙarfe 7 da 10, kafin ka karya kumallo, domin sinadarin yana sauka da yamma da kuma bayan cin abinci. Kada ka yi lokacin zazzaɓi, kuma a maimaita a wata rana kafin a yanke hukunci. Idan kana shan tiramadol ko makamancinsa, ka faɗa wa likita gaskiya, domin yana danne testosteron.

Abin da ya sa na hana ka gaggawa shi ne, allurar tana rage ƙwayoyin haihuwa a maniyyi, tana kuma sa jini ya yi kauri. Idan ƙarancin ya tabbata, likitanka zai auna LH da furolaktin, wasu sinadarai biyu da wata ƙaramar gaɓa a ƙasan ƙwaƙwalwa ke fitarwa, domin gano ko matsalar daga maraina take ko daga ƙwaƙwalwa.