Alhaji, titin nan da za ku sayar, na wa ne?

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya aiko da wannan: "Shekarata 11 ina sayar da wayoyi da kayan kwamfuta. Ɗan yayata ya iya zane a kwamfuta. Ya kwaikwayi filin tseren motoci na Spa da ke Beljiyam, ya saka shi cikin wasan Assetto Corsa, na zauna na tuƙa da sitiyari, wallahi kamar gaske. Ya ce in ba shi naira miliyan 8 ya sayi babbar kwamfuta da jirgi maras matuƙi mai kyamara, ya ɗauki yara biyu, su riƙa fitar da shahararrun filaye suna sayar wa Turawa da dala. Ya ce cikin shekara uwar kuɗi za ta dawo, riba rabi-rabi. Kuɗin sun isa, ko in ƙara?"

Alhaji, ajiye maganar ƙari tukuna. Kai da ba ka karɓar waya daga hannun baƙo sai da kwali da rasit, yau ga ka za ka zuba miliyan 8 a kan hajar da ba ka tambayi mai ita ba. Filin Spa yana da masu shi. Sunan nasu ne, tambarin nasu ne, allunan tallan da ke gefen titin kuwa kowanne na wani kamfani ne mai lauyoyinsa. A duk wasiƙarka ban ga inda ka ce yaron ya nuna maka takardar izini ba. Kuskurenka ke nan, guda ɗaya, kuma ya isa ya cinye jarin duka.

Bari in faɗa maka yadda masu wannan sana'a na ainihi suke yi, don ka san da wa za ku kara. Kamfanin iRacing na Amurka, mai wasan tseren motoci a kwamfuta, wanda David Kaemmer da John Henry suka kafa a 2004 (Henry ɗin nan dai da kamfaninsa ya mallaki ƙungiyar Liverpool), ba daga hoton intanet yake zana titi ba. Sai an ƙulla yarjejeniya da masu filin, sannan ma'aikata su je da na'urar leza su auna titin kaf, ɗigo miliyoyi, har kwarin da bai kai kaurin ɗan yatsa ba ya fito. Su ɗauki hotuna dubbai na katanga da ciyawa da gine-gine, sannan masu zane su kwashe watanni suna ginawa a kan wannan awon. Bayan duk wannan wahala, filin guda kan tashi dala 12 zuwa 15 ne ga mai saye, ban da kuɗin rajista na wata-wata. Kamfanin Kunos na Italiya da ya yi Assetto Corsa ɗin da ka tuƙa, ofishinsa ma a cikin filin tsere na Vallelunga yake lokacin da suke haɗa wasan.

Me ya sa ake kashe wannan dukiya a kan awo? Saboda masu sayen ba yara ba ne irin masu zuwa shagon gem. Cikinsu akwai direbobin tsere na gaske da ke atisaye a gida kafin su hau titi. Filin Sebring na Amurka tsohon sansanin jiragen yaƙi ne, kankarensa duk gargada, kuma gargadar ita ce hajar. Nürburgring na Jamus ya fi kilomita 20, tsakanin ƙasansa da samansa akwai tazarar kusan mita 300, kuma akwai mutanen da suka haddace kowace kwana tasa kamar hanyar gidansu. Kai ka tuƙa ka ce kamar gaske domin ba ka taɓa hawa gangaren Eau Rouge da ke filin Spa ɗin ba. Su sun sani. In tudun ya gaza da taku ɗaya, a ranar za su tallata. Jirgin da yaron yake so kuma, a Kano zai tashi ya auno Beljiyam? Ko a nan gida ma ba a tashinsa don kasuwanci sai da izinin hukuma.

Zai ce maka ai intanet cike take da filayen da mutane suka kwaikwaya babu lasisi, kuma ba a kama kowa ba. Akwai gaskiya a ciki. Yawancinsu kyauta ake rabawa, aikin sha'awa ne, masu filaye sukan kau da kai. Wannan kuwa bugu biyu ne a kanku. Na farko, me zai sa Bature ya biya ku kuɗin Spa alhali ga wanda aka auna da leza mai lasisi, ga kuma na kyauta birjik? Na biyu, kau da kai ba izini ba ne. Ranar da kuɗi suka fara shigowa har aka lura da ku, wasiƙa ɗaya ta ishi a sauke kayanku daga shafin da kuke sayarwa. Wato in kasuwar ta mutu kun yi asara, in ta yi kyau kun jawo ido.

Na ga irin wannan da idona, ba a harkar kwamfuta ba. Wani bawan Allah da nake ba shawara ya gina shaguna 6 a filin amininsa, bisa "ai mu 'yan'uwa ne, gina kawai." Na ce masa a rubuta, ya ce kunya ba za ta bar shi ba. Shekara 4 yana karɓar haya lafiya lau, har yana min dariya in mun haɗu. Da aminin ya rasu, magada suka zo da takardar fili, shi kuma ya zo da labari. Ko kuɗin bulo bai fita da su ba. Shi ma dai ya san mai filin, sun ci tuwo a kwano ɗaya. Ku fa, mutanen Beljiyam ba su ma san da zamanku ba.

Batun uwar kuɗi cikin shekara kuwa, na gaji da jin wannan waƙa. Mu ƙaddara fili guda ya ci wata 4 a hannun mutum uku. Mu ƙaddara kun yi sa'a mutum 200 suna biyan dala 3 duk wata, dala 600 ke nan kafin shafin ya cire nasa, kafin kuɗin canji, albashi, man janareto da data. Lissafa abin da ya rage da canjin yau ka raba biyu. Kuma mutum 200 ɗin nan ni na ba ku su kyauta a takarda, yaron bai kawo ko 10 ba tukuna. Sannan haja ce mai tsufa: an sake shimfiɗa kwaltar filin Silverstone na Ingila a 2018, aka sake a 2019, Spa ɗin kansa an yi masa gyare-gyare a 2022. Duk gyara ɗaya, naku ya zama na jiya.

Kada ka fahimce ni a baibai, yaron nan ba na yarwa ba ne. Wanda ya iya tsayar da fili mai kilomita 7 har mota ta zagaya a kai, hannunsa na da daraja. Hannun ne naku, Spa ba naku ba ne. Wasan Gran Turismo na Japan tun 1997 yake da filayen da babu su a duniya, irin su Trial Mountain da Deep Forest, kuma har gobe masoyansa na begensu. Ya ƙirƙiro nasa, da sunansa, da allunan da shi ya zana. In yana son abin da Bature bai taɓa gani ba, ya dubi irin hawan tsaunin Mambila da kwane-kwanensa ya ɗauki fasali. Ko kuma ya ɗauki Spa ɗin nan a matsayin samfur, ya nuna wa kamfanonin wasanni su ba shi aikin kwangila, lasisi ya zama ciwon kansu. Masu gina rukunin gidaje ma suna biyan irin wannan zane, kuma da naira a hannu.

Ga abin da zan yi in ni ne. Ba zan ba da miliyan 8 ba. Zan sayi kwamfuta guda mai ƙarfi, rasit da sunana, ta zauna a shagona ko a inda nake gani. Ba jirgi, ba ma'aikata. Zan ba shi wata 6 ya fitar da fili guda na ƙashin kansa ya sa a kasuwa, kuma asusun da kuɗin za su shiga mu biyu muke ganinsa. A rubuta wa ya mallaki zanen, wa ya mallaki na'urar, da yadda za a rabu in abin bai yiwu ba, a sa hannu gaban shaidu biyu, ɗaya daga ciki ya zama mahaifiyarsa. In ya dage sai Spa, ce masa ya rubuta wa masu filin ya nemi lasisi, ya kawo maka amsarsu da farashinsu a rubuce, sannan ka turo min mu duba tare.