Littafin tarihi: dole sai maɗaba'ar jami'a?

Tambaya: Salam Malam. Na gama digiri na uku a fannin tarihi, ina so in mayar da kundina littafi, sai wani abokin aiki ya ce wai in ba maɗaba'ar jami'a ce ta buga ba to aikin banza na yi. Haka ne, ko in gwada kamfanoni masu zaman kansu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri. Gaskiya abokin naka kuɗin goro ya yi musu. Akwai 'yan ci da gumi da za su buga ko mene ne muddin ka biya, akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu da ba su da wata sana'a sai littattafan ilimi, kuma masana na ganin girmansu sosai. Ɗauki Boydell & Brewer na Ingila, tun 1978 suke, tarihi da adabi ne abincinsu, a 2008 ma kamfanin James Currey da masu nazarin Afirka suka sani ya koma ƙarƙashinsu. Ga Berghahn Books da Marion Berghahn ta kafa a 1994, ga Hurst a Landan tun 1969.

Abin dubawa shi ne tantancewa. Kamfanin kirki sai editansa ya tura rubutunka ga masana, yawanci biyu, ba za a faɗa maka sunansu ba, su kwashe watanni suna tankaɗe da rairaya sannan su dawo da rahoto, wani ya ce babi na uku bai da hujja, wani ya ce ka tsallake aikin wane, kai dai sai haƙuri. Wanda ya turo maka imel yana yabon kundinka bai ko karanta ba, ya ce mako biyu littafi ya fito, gudu ka yi.

Wajen zaɓe kuwa, buɗe kundin naka ka duba littattafan da ka fi kafa hujja da su, wa ya buga su? Nan ya kamata ka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Kuma don Allah kar ka tura kundin yadda yake, an rubuta shi ne don masu jarrabawa, babin bitar ayyukan magabata ɗin nan mai tsawo ba mai karanta shi, yanke shi. Takardar bayanin littafin suke so da babi ɗaya ko biyu.

Sai dai kar ka sa ran kuɗi, kwafi kaɗan ake bugawa masu bango mai kauri, laburare ne manyan masu saye, shi ya sa suke tsada. Kafin ka sa hannu a yarjejeniya tambaye su yaushe mai bangon takarda zai fito, sannan wa zai biya kuɗin izinin hotuna da taswira, don sau da yawa marubuci ake bar wa wannan.