Tambaya da Amsa: Zan iya ajiye karen husky a Garuwa?

Tambaya: Salam Malam, daga Garuwa nake, wani abokina ya ce zai kawo min ɗan kare husky daga Yawunde, yara sai murna suke amma gidanmu ƙarami ne kuma in na fita kasuwa da safe sai magariba. Ya kuke gani?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, gaskiya ban ba ka shawara ba. Husky fa asalinsa Saiberiya ne, ƙasar ƙanƙara, aikinsa jan kaya a guje zuwa nesa, gashin jikinsa ninki biyu ne, to ka tuna zafin Garuwa a Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, wallahi tausayi zai ba ka. Ga taurin kai, in bai samu gudu kullum ba sai ya tona rami ko ya haura katanga, kajin maƙwabta ma ba za su tsira ba, kai kuma kana kasuwa. Gadi ma bai iya ba, kowa nasa ne. In don gadi kake so nemi karenmu na gida da ya saba da rana, likitan dabbobi ya yi mai allurar haukan kare, ruwa da inuwa kar su yanke mai.