Gas ɗin Rasha mai araha: da me ake biyan ragowar kuɗin?

Tambaya: Malam, tun da Najeriya ta yanke mana wuta a 2023 hankalina bai kwanta ba. Sai kuma na ji Moldoba ta shiga wahala don ta juya wa Rasha baya, alhali da tana samun gas da araha. Ashe ba gara ƙaramar ƙasa ta lallaɓa babbar maƙwabciyarta ba? (Mai karatu daga Maradi)

Amsa: Fargabarka tana da dalili, ɗan'uwa. Amma bari in fara gyara labarin. Da gas ɗin Rasha ya daina bi ta Yukren ranar 1 ga Janairun 2025, waɗanda suka fi shan wuya su ne mutanen Transnistiriya, yankin da ya ɓalle daga Moldoba yana biyayya ga Mosko. Su aka bari ba ɗumin ɗaki a tsakiyar hunturu. Sauran Moldoba ta sayo wuta daga Romaniya, da tsada ƙwarai, amma ta samu.

Maganar araha kuwa, ita ce ke ɓata mini rai, don kullum sai na ji masu sharhin Facebook suna maimaita ta kamar karatu: wai Rasha tana rangwame ne saboda zumunci. Wane zumunci? Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. A 2010 an rage wa Yukren dala 100 a kan kowace kubik mita dubu, ita kuma ta tsawaita zaman jiragen ruwan yaƙin Rasha a tashar ruwanta ta Sebastofol har 2042. A ƙarshen 2013 aka sake sauke farashin zuwa kusan dala 268, bayan shugaban Yukren na lokacin, Yanukobich, ya fasa sa hannu a yarjejeniya da Tarayyar Turai. Yana faɗuwa daga mulki, ba a yi wata biyu ba aka janye rangwamen. Belarus fa? Ta sami arahar, amma a 2011 kamfanin bututun gas ɗinta gaba ɗaya ya koma hannun Gazprom, kamfanin gas na gwamnatin Rasha. Armeniya ma haka ta miƙa wa Gazprom ragowar hannun jarinta a kamfanin gas ɗinta. To, ƙasar da ta sayar da bututunta, da wane baki za ta yi ciniki gobe?

Na Moldoba ya fi ban takaici. Gazprom ke riƙe da rabin Moldovagaz, kamfanin gas na Moldoba. Shekara da shekaru Gazprom ya yi yana tura wa Transnistiriya gas ba a biya, ana kunna tashar lantarki ta Kuciurgan da ke yankin da shi, ana sayar wa Moldoba wutar, bashin kuma yana taruwa har ya haura dala biliyan 10. Ban da wannan, Gazprom ya ce yana bin Moldoba dala miliyan 709. Binciken da gwamnatinta ta sa aka yi ya ce bai kai miliyan 9 ba.

Ba faɗa da maƙwabci nake cewa a yi ba, ƙofa ta biyu nake cewa a buɗe. Lituweniya ta kafa tashar karɓar gas ta jirgin ruwa a Kilaifeda a 2014, kuma tun kafin ta fara aiki Gazprom ya rage mata farashi da kusan kashi 20 cikin ɗari. A Fabrairun 2025 ita da Latbiya da Estoniya suka cire layukan wutarsu daga na Rasha. Sun yi shekaru suna kashe kuɗi kafin ranar ta zo, lokacin da ake ce musu ɓarna suke yi.