Tambayi Kawu: Awa Tara a Filin Jirgi, Me Zan Yi da Falon Hutu?

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan watan, kuma duk a kan abu ɗaya suke: falon hutun nan na cikin filin jirgi, mai ƙofar gilashi da ma'aikaciya a bayan kanta, wanda yawancinmu muke wucewa da jaka a hannu muna satar kallo.

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗaliba ce, wata mai kamawa zan tafi karatu, kuma ban taɓa hawa jirgi ba. Tikitina ya nuna zan yada zango a Istanbul na awa tara kafin jirgi na biyu. Yayana ya yi min rajistar Priority Pass da sunana, ya ce in shiga falon hutu in ci abinci. Da gaske kyauta ne? Ta yaya zan san halal ne? Kuma ba za a kore ni ba in an ga tikitina na ikonomi ne?
Daga 'yarka, mai fargabar tafiya.

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sa ki tafi a sa'a, ya ba da abin da za a je nema.

Ba wanda zai kore ki. Ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa abu biyu take so ta gani, katinki da katin shiga jirgi, ta duba sunan ya yi daidai, shi ke nan. Kujerar da za ki zauna a jirgi ba ruwanta da ita. A da can ne harkar take ta 'yan gata. Falon farko irin wannan kamfanin American Airlines ne ya buɗe shi a filin jirgin LaGuardia na New York a 1939, kuma sai wanda aka gayyata ke shiga. Yau ƙofofin sun yi yawa. Akwai mai tikitin bizines, akwai wanda yawan tafiya ya ba shi katin zinare na ƙawancen kamfanoni irin Star Alliance, akwai mai biya a bakin ƙofa, sannan akwai irinku masu Priority Pass, tsarin da aka fara a 1992 kuma yanzu yake da faluka sama da 1,000 a duniya. Sai dai ki sani, katinki ba shi zai buɗe miki babban falon Turkish Airlines da ake ta yabo ba. Wannan na fasinjojinsu ne na bizines da masu katin zinare. Ki sauke manhajar katin a wayarki tun kina gida, ita za ta nuna miki falon da ya karɓe ki da inda yake.

Yanzu ga abin da yayanki bai gaya miki ba. Yawancin falukan da ke karɓar irin wannan kati awa uku suke bari mutum ya zauna. Ke kuma tara gare ki. In kika sauka kika faɗa ciki kai tsaye, za ki cinye rabonki tun da sauran ƙarfinki, sannan ki fito ki yi kusan awa shida a kan kujerar ƙarfe lokacin da gajiya ta gama kama ki. Ni da ni ne, sai in fara da yawo. In bi layin masu canjin jirgi, a bincike ni, in gano wajen sallah, in miƙe ƙafa, in kalli shaguna ba tare da na taɓa jakar kuɗi ba. Sai ya rage awa huɗu jirgi ya tashi in shiga falon. Filin Istanbul sabo ne, a 2019 aka kammala mayar da jirage can, kuma girmansa ba wasa ba ne. Daga tsakiya zuwa wata ƙofar sai ki yi tafiyar minti ashirin kina sauri.

Da kin shiga, kada ki nufi abinci. Ki nufi mai kula da banɗakunan wanka ki sa sunanki a layi. Na san za ki yi dariya, amma a wurina duk falon nan wankan ne darajarsa. Bayan an kwana a zaune cikin jirgi, fuska ta yi maiƙo, ƙafa ta kumbura a cikin takalmi, ido ya yi ja, sai a miƙo miki tawul fari a naɗe da ɗan sabulu, ki rufe ƙofa, hayaniyar dubban mutane ta yanke ɗif, ruwan ɗumi ya sauka a wuyanki. Minti goma sha biyar ne, amma mutumin da ya fito ba shi ne ya shiga ba. Ɗakunan wankan ba su da yawa, a lokacin cunkoso sai ki jira awa guda, shi ya sa na ce shi ne farko. Ki sa kayan canji marasa nauyi da buroshi da silifas a jakar hannu, don babbar jakarki ba za ki gan ta ba sai ƙarshen tafiya.

Na biyu, kujera kusa da soket. Za ki ga manyan mutane da kwat suna zagaye kamar masu neman ɓataccen zobe, soket suke nema. Turkiyya irin soket ɗin Turai take amfani da shi, mai rami biyu zagayayyu, don haka ki tafi da adafta. Wayfay akwai, lambar sirrin tana kan kanta ko a kan wani ɗan kati a tebur. Ki kira gida a ji kin sauka lafiya.

Sai abincin. E, kyauta ne, ma'ana an riga an biya shi cikin kuɗin shiga falon. Ɗebi-da-kanka ne: miya, burodi, shinkafa ko taliya, nama ko kaza a cikin tukwanen ƙarfe masu murfi, ganye, cuku, 'ya'yan itace, kek, injin kofi, shayi, lemon kwalba a firij. Ranar da na fara shiga irin wannan wuri, faranti uku na cika, don raina yana ce min ai ba a bar banza. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, iskar cikin jirgi ana daidaita ta ne kamar kana kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, kuma a wannan yanayi iskar da ke cikin mutum buɗewa take yi. Wake da kabeji da lemo mai gas da na ɗura sai suka tashi min a sama. Awa shida na yi a kujerar tsakiya, bel ya ɗaure ni, ciki kamar ganga, ina ta neman afuwar maƙwabcina don in wuce. Tun daga ranar miya nake fara sha, in ɗauki ɗan abu mai zafi, in rufe da 'ya'yan itace. Kuma in kika buɗe murfi ba ki ga tururi ba, ki mayar da murfin. Abincin da ya daɗe yana ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 5 da 60, nan ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, shinkafa kuwa ta fi kowa rashin kunya a wannan fanni. Ki jira a kawo sabon tire, ba a daɗewa.

Ruwa kam ki sha sosai. Iskar jirgi busasshiya ce, danshinta ba ya kai kashi 20 cikin 100, shi ya sa leɓe ke tsagewa, kai ke sarawa. Kofi ɗaya ya isa.

Batun halal, a Istanbul hankalinki kwance game da nama, haka ma a falukan Qatar Airways a Doha da na Emirates a Dubai. Amma kada ki yi mamakin ganin kantar giya a gefe guda, kusan duk falon duniya yana da ita, kuma ba wanda zai miƙo miki sai kin nema. Inda ake buɗe ido shi ne Turai da Amurka. Ki riƙa karanta ɗan katin da ke gaban kowane tire. In kin ga pork ko ham ko bacon, ko porc da jambon a Faransa, ko Schwein a Jamus, naman alade ne. Kayan zaƙi ma suna da tarko, wasu kek ɗin ana zuba musu barasa, wasu alewoyin masu taushi da jelatin ake yin su, wanda sau da yawa daga alade ake samo shi. Ki tambayi ma'aikaci, sun saba da tambayar, ba sa ɗaure fuska. In zuciya ba ta kwanta ba, ga kifi, ga ƙwai, ga ganye.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne wanda ya taɓa sa ni kuka da girmana. Yawancin faluka ba sa sanar da tashin jirgi a lasifika, da gangan suke yi don a samu shiru. Wata shekara, a wani fili da ba sai na faɗi sunansa ba, na yi wanka, na ci, na samu wata kujera mai kwanciya a lungu, na ce bari in runtsa minti ashirin. Na sa ƙararrawa a waya, ashe agogon wayar bai koma lokacin garin ba. Na farka na ga falon ya yi fayau, wata mai shara tana tura keken farantai. Na ruga da takalmi ɗaya a hannu. Jirgin yana nan ina ganinsa ta gilashi, amma an rufe ƙofa, kuma ƙofar jirgi in ta rufu ba magiyar da ke buɗe ta. Ana rufewa minti 15 zuwa 20 kafin lokacin da ke kan tikiti. Ki daidaita agogonki da na bangon filin, ki riƙa duba allon tashin jirage don ana canza ƙofa ba sanarwa, ki bar falon awa ɗaya kafin lokaci.

Kawu barka da aiki. Na je da maiɗakina da yara uku, na nuna katina a ƙofar falo, sai aka ce ni da mutum ɗaya kawai za mu shiga, sauran sai na biya. A wani filin kuma cewa aka yi wuri ya cika. Wannan ba wulaƙanci ba ne?
Daga wani magidanci da ransa ya ɓaci.

Malam, a yi haƙuri, na san zafin a tsayar da mutum a gaban iyalinsa. Amma ma'aikaciyar ba ta zalunce ka ba. Katin zinare na Star Alliance, alal misali, baƙo ɗaya yake ba ka, kuma katunan banki kowanne da nasa sharaɗin. Wasu faluka suna barin jariran goye su shiga kyauta, wasu kuma kowane kai lissafi ne. Maganar cika kuwa gaskiya ce, tun da bankuna suka fara raba katunan nan kamar alewa, falon da aka gina wa mutum ɗari sai ka ga ɗari uku na neman shiga, kuma in wuri ya matse masu katin ake fara dakatarwa kafin fasinjojin kamfanin.

In ka tambaye ni, mai yara uku ba falo ya fi buƙata ba. Za ka biya wa mutum huɗu don yara su ci biskit biyu, sannan ka ƙare kana "ku zauna, ku yi shiru" saboda hararar wani mai kwamfuta. Manyan filaye suna da wuraren da ba a biyan ko sisi. A filin Hamad na Doha, wanda aka buɗe a 2014, akwai wajen wasan yara, akwai ɗakunan shiru masu kujerun kwanciya, na maza daban na mata daban, ga kuma ƙaton mutum-mutumin nan na ɗan beyar ruwan ɗorawa a tsakiyar fili wanda yara ba sa gajiya da kallonsa. In kuma zangon ya kai na kwana, ka tambayi kamfanin jirgin tun wajen sayen tikiti ko suna ba da otal. Ethiopian Airlines na yi wa fasinjojin da zangonsu a Addis Ababa ya kai awa 8 zuwa 24, in dai babu jirgin da ya fi kusa. Gado ɗaya da ƙofa mai makulli ya fi wa uwar yara duk wani kek.

Kawu, in na ci na ƙoshi, laifi ne in zuba ɗan guzuri a jaka?
Daga ɗanka mai son tanadi.

Ɗana, na ga ana yi, har da masu agogon zinare. Ƙa'idar yawancin faluka ita ce a ci a wurin. Ayaba ɗaya ko gorar ruwa ba wanda zai bi ka, amma ranar da ka fito da leda ka fara kwashe tire, za a zo a yi maka magana a hankali cikin murmushi, kuma wannan murmushin ya fi mari zafi. Gorar ruwan ma ba lallai ta kai jirgi ba, don a wasu filayen ana sake bincike a bakin ƙofar shiga, dokar nan ta hana wucewa da gorar ruwa da ta fi mililita 100, wadda aka kafa a 2006, sai ta hau kanta.

Babban haɗarin ma yana can inda za ka sauka. Tarayyar Turai ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama ko kayan madara daga waje ba. Amurka da Ostireliya suna tsananta bincike kan 'ya'yan itace, har karnuka suke sa wa su shinshina jaka. A New Zealand kuwa, tuffa ɗaya da ka manta a aljihun jaka ba ka bayyana ba, tarar dala 400 ta ƙasar ce a nan take. In har ka ɗauko, ka cinye kafin jirgi ya sauka, ka jefa ɓawon a kwandon ma'aikatan jirgi.